Alkawarin da Ya Rufe Bakin Lawandi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka ɗauki ƙanena Lawandi daga tsakar gidanmu a Gubuchi aka kai shi makwancinsa. Lokacin saran rake ne, kamar yanzu. Ina zaune cikin mata ana ta shigowa gaisuwa, ni kuwa kunnena yana kan hanya, inda manyan motoci ke wucewa da lodin rake suna nishi, kowace da waƙar da direbanta ya kunna. Na saurare su ɗaya bayan ɗaya har mutane suka watse. Babu wadda ta wuce da muryarsa.

Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunan Lawandi ba. To, dalilin rubutun ke nan. Mawaƙi ne na gaske, kuma ba don ciki ɗaya muka fito nake faɗa ba. Ku je Makarfi ko Kudan ko Ikara, ku sami duk wanda gemunsa ya fara fari, in dai ya taɓa saran rake ko lodinsa, ku tambaye shi. Ni ban iya daɗin baki ba. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da jika na fara riƙe biro, saboda haka wanda ya ga maganata ta fito a miƙe ya yi haƙuri, a gida ma haka nake yin ta.

A wurin matsar rake Lawandi ya fara waƙa, inda ake dafa mazarƙwaila. Aiki ne na hayaƙi da zafin wuta da ciwon baya, kuma mutum ba ya daɗewa a kansa in ba da abin da zai ɗauke masa hankali ba. Shi ne zai tsaya yana tura rake a inji yana jefa baiti, masu ɗauko dami suna amsawa. Yakan sa sunan kowa a ciki: mai ƙiwa, mai cin tuwo kwano biyu, wanda matarsa ta yi yaji. Mutum zai ji an yi masa shaguɓe ya yi dariya ya ƙara ɗaukar dami. Daga nan aka fara kiransa gayya, daga gayya aka fara kiransa biki.

Dole in bayyana yadda waƙa take tafiya a ƙasarmu a wancan lokaci, don duk labarin a nan yake. Mu ba mu san wani kamfani ba. In mawaƙi ya yi sabuwar waƙa, mai rikoda zai zo ya ɗauka a kaset, a buga kwafi kaɗan a kasuwa. Kwafin farko ba sayar da shi ake yi ba, na direbobin rake ne, kyauta. Ranar da mota ta gama lodi, mawaƙi zai zo da kansa ya miƙa wa direba ya ce ga goron hanya. Direba zai kunna ta tun daga Makarfi har inda raken zai sauka, ko Kano, ko Jos, ko can ƙetaren iyaka. A kowace tasha, a kowane wurin mai shayi, wani zai tambaya wane ne wannan. Kafin rake ya ƙare a fadama, sai ka ga baƙi suna sallama a ƙofar gida, sun zo neman mawaƙin don bikin 'yarsu. Mawaƙinmu ba daga kaset yake ci ba, daga biki yake ci. Kaset ɗan aike ne kawai. Kowa ya san wannan, har matan da ba sa fita.

Da haka Lawandi ya yi aure, ya yi wa ɗakin innarmu rufin kwano, ya sayi keke. Bai yi arziki ba, amma duk shekara sunansa yana ƙara nisa.

Sai Malam Tanimu ya zo. Mutumin Kudan ne, ya daɗe a Zariya yana gyaran rediyo, sannan ya sayar da fadamar da ya gada ya sayi kayan ɗaukar murya, ya kama ɗaki a saman wani shago, ya kafa allo ya ce kamfani ne. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, don allon ma na ji an ce ya zama ƙyauren akurkin kaji. Ya ji Lawandi a wani biki a Saulawa, aka ce har hawaye ya yi. Kuma na yarda, don ina so in faɗi wannan tun da wuri: Malam Tanimu ba ɓarawo ba ne. Da ɓarawo ne da na huta, da na tsine masa na kwanta na yi barci. Mutum ne mai son waƙa da zuciya ɗaya, wanda bai da ƙarfin abin da ya ɗauko, kuma bai san hanyar da waƙa take bi ta kai ga kunne ba.

Ya zo zauren Kawu Mudi, ƙanin innarmu, wanda shi ne babba a kanmu tun rasuwar mahaifinmu. Ya zo da goro da takarda. Kawu ya dubi takardar ya ture ta gefe ya ce, “Malam, mu nan ba da wannan muke ƙulla magana ba. Faɗi abin da kake so da bakinka, mutane su ji.” Sai ya faɗa. Zai ɗauki waƙoƙin Lawandi da kayan zamani, sababbi da tsofaffi, ya fito da su yadda manyan mawaƙan birni suke fitowa. Abin da yake nema shi ne, daga ranar da aka ɗauka, kada Lawandi ya ƙara rera su a ko'ina, kada ya ba direba ko ɗaya, kada ya je wurin wani mai ɗauka, har sai kamfani ya fito da su. Ya ce in sun riga sun bazu, ba wanda zai saya.

Ina bayan ƙofar zaure ta cikin gida. Na ɗaga murya na ce, “Kawu, a tambaye shi har yaushe!”

Kawu ya ce, “Asabe, maganar maza ake yi.”

Malam Tanimu ya yi dariya ya ce, “Ku bar ta, gaskiyarta ce. Bayan Sallah, Yaya Asabe, da yardar Allah.”

Bai ce wace Sallah ba, ba kuma wanda ya sake tambaya. Aka ɗaga hannu aka shafa Fatiha, aka raba goro. Fatiha ba ta da laifi, Allah ya tsare bakina. Laifin namu ne, da muka ɗora ta a kan magana mai ƙofar shiga babu ta fita. Da takardar nan aka sa wa hannu, da wata rana an yage ta kowa ya kama gabansa. Mu muka ce takarda ba ta da daraja, muka ɗauko abin da ya fi ta ƙarfi muka ɗaure yaronmu da shi.

Aka ɗauki waƙoƙin. Lawandi ya yi ta zarya Zariya, ya dawo yana ba mu labarin ɗakin da aka manna wa katifa a bango, da abin da ake sawa a kunne mutum ya ji muryarsa kamar ta wani. Ban taɓa ganinsa da murna irin ta lokacin ba. Duk abin da yake da shi ya juye a can, har waƙar lodi da kowane yaro a Makarfi ya haddace.

Sallah ta zo ta wuce. Aka ce kuɗin buga faifai bai haɗu ba. Rake ya nuna, aka shiga sara. Dogo, direban da ya fi kowa yawo da waƙar Lawandi, ya tsayar da motarsa a bakin hanya da lodi a kai, ya tako har ƙofar gidanmu.

“Lawandi, mota ta cika. Ina goron hanya?”

“Bana babu, Dogo. Na yi alkawari.”

“Alkawari da wa? Kai da bakinka?”

“Ka yi haƙuri zuwa bayan Sallah. Abin da zai fito sai ka yi mamaki.”

Dogo ya ce, “To, ni dai mota ba ta tafiya shiru.” Ya koma ya sa kaset ɗin wani yaro daga wajen Ikara. A shekarar nan yaron ya yi bukukuwan da Lawandi ya saba yi.

A shekara ta biyu faifai ya fito daga wurin bugu, aka ce za a yi ƙaddamarwa. A nan ne na gane mutumin nan bai san mu ba, duk da cewa a cikinmu aka haife shi. Ya sa rana a tsakiyar damina, lokacin da kowa kansa yana duƙe a gona, rumbu ya yi ƙasa, ba biki ba suna mai kiɗa. Ya kama zauren taro a wani otal a Zariya, wurin da mutanenmu ko kyauta aka ce su shiga sai sun yi ta waige-waige. Sannan, a duk ranakun mako, ya zaɓi ranar kasuwar Makarfi. Ranar da ba direba, ba ɗan dako, ba mai rake, ba mai shanu da zai bar kasuwa ko da ubansa ne zai yi waƙa. Sanarwar rediyo sau ɗaya aka yi ta, da hantsi, kowa yana bakin kunya da fartanya. Hotunan talla kuma a Kaduna da Zariya aka manna su, ruwa ya wanke. Guda ɗaya ya iso Gubuchi a hannun wani ɗan acaɓa. An sa wa Lawandi kwat da baƙin tabarau, an jingina shi da motar aro. Innarmu ta riƙe hoton ta juya ta juya ta ce, “Wannan ɗan wane ne?” Waɗanda suka gane shi kuwa cewa suka yi ya zama ɗan birni, shi ya sa ya daina zuwa bikin talaka.

Na je ƙaddamarwar, ni da matarsa Hinde. Kujeru jere-jere an lulluɓe su da farin yadi, mu da muke kai ba mu cika layin gaba ba. Babban baƙon da aka ce zai buɗe faifai bai zo ba, bai kuma aiko ba. Lawandi yana zaune cikin kwat ɗin nan yana zufa, yana kallon ƙofa. Da la'asar ta yi, Malam Tanimu ya miƙe, idonsa ja, ya ce wannan ba ƙaddamarwa ba ce, gwaji ne, ba zai bari waƙoƙi irin waɗannan su fito a wulaƙance ba. Ya sa aka mayar da kwalayen faifai saman shago aka kulle. Za a sake, a yi wadda ta fi, bayan Sallah.

Kun ga inda aka tsaya. Da ya ce an fito, ko mutum uku ne suka saya, da Lawandi ya fita daga alkawari a ranar. Da ya ce ba a fito ba, sai igiya ta koma wuyansa. Kuma ko da an raba faifan nan, motocin rake na lokacin kaset suke ci, ba su da inda ake sa faifai. Wannan ma ba wanda ya tambayi direba ko ɗaya kafin a buga.

Ba Lawandi kaɗai kamfanin ya ɗauka ba. Akwai Rahila, 'yar Ikara, mai waƙar coci, muryarta kamar a zuba a kwano a sha. Ita ma nata suna kulle a saman shagon. Da ta ga shekara ta juyo ba labari, sai ta kwaso matan zumuntarsu da tukwanensu na kiɗa, suka zauna a ƙasan benen suka yi ta waƙa tun safe, har mai shagon ya hau ya roƙi Malam Tanimu ya ba ta abinta ta tafi. Ya ba ta. Har yau tana waƙa, ba wani bikin Kirista da za a yi tsakanin Ikara da Makarfi ba a neme ta ba. Ta zo har gida ta sami Lawandi ta ce, “Ɗan'uwa, tashi mu je, matan nan a shirye suke su sake zama saboda kai.” Ya yi murmushi ya ce, “Rahila, ke takarda kika sa wa hannu. Ni hannun na ɗaga na shafa a fuskata.”

Ni na je, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Na hau benen nan da ciwon gwiwata. Ba wuta, janareta ya lalace, kwalaye jibge a lungu ɓera ya fara cin gefensu. Malam Tanimu zai taso da sauri ya share mini kujera, ya aika a sayo mini ruwan sanyi da abin da na san shi ne na abincinsa. Na ce masa, “Malam, ba faifai na zo nema ba, ba kuma wani abu na zo karɓa ba. Kalma ɗaya ce. Ka ce ka sake shi.” Sai ya fara lissafa mini wanda ya yi masa alkawarin tallafi, da gidan rediyon da ya kusa yarda. A zuwa na ƙarshe da na matsa masa, ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya Asabe, duk sun tafi. In na saki Lawandi, me ya rage mini? Me zan ce na sayar da fadamar ubana a kai?” Na ce, “Au, ashe jingina ka riƙe, ba mawaƙi ba.” Na sauko.

Ana cikin haka Kawu Mudi ya rasu. Na ɗauka abin zai yi sauƙi, ashe nauyi zai ƙara. Lawandi ya ce maganar da aka ƙulla a gaban mutum, yanzu mutumin yana kabari, shi ba zai warware ta a bayan idonsa ba. Na kai shi gaban limaminmu. Liman ya yi masa bayani dalla-dalla cewa addini bai ce mutum ya halaka kansa a kan alkawarin da ɗaya ɓangaren ya kasa cika nasa ba, akwai mafita, akwai yadda ake yi. Ya saurara, ya yi godiya, muka fito. A hanya ya ce mini, “Yaya, na ji. Amma mutumin nan saboda muryata ya rabu da fadamarsa. In na tafi, ni na ƙarasa shi.” Na zage shi a ranar, zagin da yaya take yi wa ƙaninta. Ya bar ni na gama, ya karɓi kayan da ke kaina ya ɗauka har gida.

Da farko ana kiransa biki yana zuwa, yana ƙoƙarin yin wasu waƙoƙin. Amma mutane wanda suka sani suke so. Za a ce yi mana ta lodi, ya ce ba dama. Yi mana ta amarya, ya ce a yi haƙuri. Wa zai sake gayyato mawaƙin da yake ba da haƙuri? Sababbin ma suka daina zuwa masa. Ya taɓa ce mini waƙa baƙuwa ce, in ta zo ta sami ƙofa a rufe sau da yawa, sai ta canza gida. Daga baya memori ya shigo, masu caji a kasuwa suka fara tura wa mutane waƙa a waya, faifan da ke saman shago ya zama abin da ko kyauta ba mai karɓa. Malam Tanimu ya ce zai nemo yadda ake yi da sabon abin. Bayan Sallah.

Lawandi ya koma lodin rake. Abin da har yau ba na son tunawa ke nan, amma shi na fi gani in na rufe ido. Na taɓa kai masa abinci wurin lodi, na tarar abokan aikinsa suna ɗaga dami suna rera waƙarsa, wadda shi ya ƙirƙira, suna kuskure baitocin, shi kuma yana tsakiyarsu da dami a kafaɗa, bakinsa a rufe. Wani ya ce, “Mai abu, gyara mana mana!” Ya girgiza kai ya wuce. Shekara shida ya yi a haka. Ciwon ƙirji ya kama shi a wani sanyi, bai daɗe yana jinya ba. Malam Tanimu ya zo gaisuwa ya zauna can ƙarshen tabarma, aka ce ya fi kowa kuka. Ban fita ba.

Wani lokaci nakan zauna in ce, da Lawandi zai leƙo yau me zai ce? Yanzu yaro yana tsaye a gonar tumatir zai yi waƙa a waya da safe, kafin la'asar an ji ta a garin da bai san sunansa ba. Ba ya buƙatar Dogo, ba ya buƙatar bene a Zariya. Ina jin da farko zai yi dariya, irin dariyarsa ta ƙasa-ƙasa, ya ce ashe abin da muke yi da kaset kyauta shi duniya ta dawo tana yi. Amma ba na jin zai daɗe yana dariyar. Domin har gobe ina ganin masu ƙananan kamfanoni suna shigowa ƙauyukanmu da mota mai baƙin gilashi da manyan alkawura, su ɗauki yaro mai murya, su ce kada ya saki komai sai sun shirya. Su ba ƙarfin talla, ba sanin wanda zai saurara, ba sanin ranar kasuwa. Yaro yana zaune yana jira, tsararrakinsa suna wucewa. Murya kuwa ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu a ce sai ta yi tsada. Lokacinta gajere ne, kuma mutane ba sa ajiye wa kowa gurbi.

Ga masu irin waɗannan kamfanoni, ba na ce ku mugaye ba ne. Na ce in ba za ku iya kai waƙa kunnen mutane ba, ku buɗe hannu. Ga iyaye kuma, in an zo zaurenku da goro, ku tambaya har yaushe, ku sa a faɗi wata da shekara da baki, a faɗi abin da zai faru in lokacin ya wuce, kafin kowa ya ɗaga hannu. In mace ce ta yi tambayar daga bayan ƙofa, ku amsa mata.

Abin da ya sa na ɗauki biro bana, ban ɗauka sauran shekarun ba, shi ne wannan. Ana fara sara, sai aka yi sallama aka ce ina da baƙo. Malam Tanimu ne. Ya tsufa, ido ɗaya ya tafi, yana dogara sanda. Kamfani ya daɗe da mutuwa, ya koma Kudan yana zaune a ɗakin ƙaninsa. Ya ce a kira masa liman, a kira Dogo. Aka shimfiɗa tabarma a zauren nan dai na Kawu. Wannan karon a ciki na zauna, ba wanda ya ce mini maganar maza ake yi, don mazan da za su faɗa duk sun mutu. Ya fito da goro. Ya fito da ɗan memori ƙunshe a leda, ya ce ya sa an kwashe duk waƙoƙin daga tsohuwar na'urarsa kafin ta ƙarasa lalacewa. Sannan ya gyara zama ya ce, “Ku shaida, na saki Lawandi daga alkawarin da ke tsakaninmu.”

Na ce, “Malam, maƙabarta tana gabas da gari. Ka je ka gaya masa.”

Ya ce, “Daga can nake, Yaya Asabe.”

Shekara da shekaru ina tanadin maganganun da zan gaya wa mutumin nan. Na nemi ko ɗaya na rasa. Ba yafiya ce ta sauko mini ba, kada in yi muku ƙarya, gajiya ce. Na dube shi na ga tsoho wanda shi ma abin ya cinye, ba fadama, ba kamfani, ba mawaƙi. Liman ya ɗaga hannu, muka shafa. Na sa aka kawo masa ruwa.

Ranar kasuwar Makarfi na shirya na tafi da memorin a ƙulle a bakin zanena. Ban saurare shi a gida ba, na kasa. Dogo ya daina tuƙi, yanzu a tasha yake zama yana tsara layin motoci. Ya kai ni wurin mai caji, na ce a tura wa duk direban da yake so, kyauta, goron hanya ne. Yawancinsu ba su san ma'anar maganar ba. Wani ya saurari kaɗan ya ce, “Hajiya, wannan ai kiɗan zamanin da ne.” Wani ya tambaya ko akwai bidiyonsa, da aka ce babu ya mayar da wayarsa aljihu. Ban ji haushinsu ba. Ba su san shi ba, kuma ba su suka hana kansu saninsa ba.

Sai Dogo ya kira wani direba da ya taɓa yi masa yaron mota, wanda motarsa ta gama lodi tana shirin tashi. Ya ce, “Kai, sa wannan, ka ƙure murya. In ka kashe kafin ka kai Kano, ban yafe maka tuƙin da na koya maka ba.”

Direban ya yi dariya ya ce, “An gama, Oga.”

Mota ta yi nishi ta motsa, sai muryar ta fito. Waƙar lodi ce. Na riƙe ƙarfen rumfa. Na manta cewa haka take, siririya, mai kaifi, da dariya a ƙarƙashinta. Muryar saurayi ce, wanda yanzu ɗansa na fari ya kusa kai shekarunsa. “Ɗaga dami, ɗan'uwa, rana ta yi, gida da nisa.” A can gefe wasu dattawa biyu suna ɗaure rake. Ɗaya ya saki igiya ya miƙe, ya juya yana neman inda sautin yake fitowa, sai na ji ya amsa da tsohuwar muryarsa, “Mun ɗaga!” Na biyun ya ce, “La ilaha illallahu, Lawandi!” Dogo ya juya mana baya yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Mutane sukan ce mini, ƙaninki mutum ne mai cika alkawari, a ce ya bar abin koyi. Nakan ce haka ne, kuma na san abin da ya biya. Ban sani ba ko zan so jikokina su yi koyi da shi har can inda ya kai. Bai bar wa magada gida ba, bai bar suna a birni ba. Ya bar 'ya'ya uku da ba a taɓa kama su da ƙarya ba, da waƙar da dattawa biyu suka amsa ba tare da sun yi shawara da kowa ba. Ko wannan ya isa ladan shekara shida na shiru, Allah ne ya sani, ni ban iya wannan awon ba. Allah ya jiƙanka, Lawandi, ya sa alkawarin da ka riƙe ya riƙe ka a can.

Ban sani ba ko direban ya kashe da ya ɓace wa idon Dogo. Mai yiwuwa ne, yaran yanzu suna da nasu waƙoƙin. Na dai tsaya a bakin titi da ciwon gwiwata, motar tana tafiya a hankali saboda nauyi, ganyen rake yana jan ƙasa a bayanta. Har ta sha kwana ina jin sa.

Asabe Mamman ta rubuto daga Gubuchi.